Aikinmu ya cika gari, amma ba wanda ya san sunanmu

Yau labarin sana'armu muka kawo muku, mu masu zane da kwamfuta, waɗanda ake ce ma ƴan infogirafi, wasu kuma su ce ƴan montaj.

Mu uku ne, shagonmu guda a nan Maraɗi, ba nisa da babbar kasuwa. Ordinatar biyu gare mu, na ukunmu da salula yake aiki. In kun taɓa riƙe katin biki mai ruwan zinariya, ko kun ga bash a ƙofar shagon magani, ko kalandar islamiyya, ko etiket a jikin kwalbar man gyaɗa, ba mamaki daga hannunmu ya fito, ko daga hannun wani irinmu. Amma wa ya sani? Tela in ya gama ɗinki sai ya rataye a bakin shago, mai wucewa ya gani ya tambaya. Baduku a Damagaram yana jera jakunkunansa da takalmansa inda ido zai kai. Mu kuwa da mun gama sai mu tura wa mai shi ta WhatsApp, ya ba mu jika biyu, mu ɗora a satus, bayan awa 24 ya ɓace. Shi ke nan an wuce wurin.

Shekaru muka yi a haka, bai dame mu ba, tunda kiliyan na zuwa ta bakin wani: "Wane ya ce in zo wajenku." Sai daminar 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga can. Kun dai tuna yadda kuran ya koma. Manyan ayyukan da muke aikawa bugu Katsina ko Kano ta Ɗan Isa da Jibiya suka tsaya cak. Ƴan kasuwa suka daina zancen sabon allon shago, kowa ta abinci yake.

Ana cikin haka wani bawan Allah ya kira mu daga Yamai. Yana aiki da wani furoje na abincin yara, suna neman wanda zai tsara musu ƙananan littattafai da afish cikin Hausa da Faransanci. Ya taɓa zuwa Maraɗi ya ga wani bash namu, ya bi sawu har ya samu lambarmu. Ya ce: "Samari, ku turo mini fotfoliyonku kafin jibi, zan kai gaban kwamiti." Muka ce: "To, ranka ya daɗe." Muna kashe waya muka tsaya kallon juna. Ƙaraminmu ya ce: "Yaya, mene ne kuma fotfoliyo?"

Ashe kundin aiki ne, wato zaɓaɓɓun ayyukan mutum a jere wuri guda, yadda wanda bai san shi ba zai duba ya gane abin da ya iya. Daren nan ba mu runtsa ba. Kart memuwar da muke ajiya a ciki ta lalace. Tsohuwar ordinatar ta mutu da ayyukan shekara biyu. Salular ɗayanmu tun bara ta faɗi a kan kabu-kabu. Abin da ya rage sai hotunan cikin WhatsApp, waɗanda an matse su har rubutun ya yi dishi-dishi. Muka tattara guda arba'in, ba kai ba gindi, muka tura masa ɗaya bayan ɗaya.

Mutumin kirki ne, bai yi mana dariya ba. Ya ce kwamiti ba zai zauna yana latsa hoto arba'in a salula ba, kuma ba abin da ke nuna cewa mu muka yi su. Aikin ya tafi hannun wani. Kuɗin da ke ciki ya fi abin da muke samu a wata uku. Babbanmu da aka sa ranar aurensa bayan kaka, dole ya je ya ba iyayen yarinya haƙuri a ɗaga. Abin da ya fi mana ciwo shi ne mun san za mu iya aikin. Amma iyawar tana bakinmu ne kawai, kuma gani ya kori ji.

Abu na farko da muka yi bayan nan, muka hau moto muka zaga gari muna neman ayyukanmu inda suke, muna ɗaukar su hoto da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Wasu sun koɗe, wasu iska ta yaga, wasu na nan daram. A shagon wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya gan mu muna ɗaukar allonsa ya fito. Muka gaishe shi muka ce: "Baba Alhaji, aikinmu ne muke adanawa." Ya ce: "Af, ashe ku ne kunka yi? Ƴaƴana, mutum nawa sunka tambaye ni, na ce musu wasu yara ne can bayan kasuwa, na manta shagon." Ku lissafa ku ji kasuwar da ta wuce mu. Tun ranar, kowane bash ko afish, mukan roƙi mai shi ya bari mu sa sunan shago da lamba ƙanana a kusurwar ƙasa. Da wuya ka samu wanda ya ƙi.

Na biyu shi ne zaɓe, kuma nan muka kusa ɓatawa da juna, don kowa na son nasa ya shiga. Daga ƙarshe muka tsaya a kan ƙa'ida guda: aiki ba ya shiga kundi sai in za mu ji daɗi a ce mu sake yin irinsa. Katin biki ya fi komi yawa a hannunmu, amma biyu kaɗai suka shiga. Duka-duka goma sha biyu muka tsayar. Ƙarƙashin kowane muka rubuta layi uku: aikin wace irin sana'a ne, mece ce matsalar, me muka yi.

Ga misali. Wata Hajiya mai yaji tana da kala uku, mai zafi, marar zafi da mai tafarnuwa, amma leda iri guda, rubutu ne kawai ya bambanta su. Da yawan masu sayenta ba su karanta boko, sai a ɗauki wanda ba shi ake so ba. Muka ba kowane kalarsa, ja, kore da rawaya, muka sa babban hoton barkono ko tafarnuwa a gaba. Mai neman ma'aikaci in ya karanta wannan, ya ga ba ado kaɗai muka iya ba, mun san kasuwar da kayan za su shiga.

Na uku, inda za a ajiye. Mun yi PDF guda marar nauyi, don mun san halin rezo, kada mutum ya ƙarar da forfensa wajen buɗewa. In za mu tura aiki ta WhatsApp, a matsayin dokima muke turawa, don in an tura a matsayin hoto yana rage masa kyau. Muka koma WhatsApp Business muka jera ayyukan a katalog. Muka buɗe shafin Facebook da sunan shago, dabam da namu na kanmu inda muke gardamar ƙwallo. Muka yi rajista a Behance, dandalin masu zane na kamfanin Adobe, kyauta ne, don mutanen biro da na waje sukan nemi a ba su adireshi su duba da kansu. Ko'ina suna guda, lamba guda, logo guda. Sannan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ainihin fayilolin makon mukan ɗora su a Google Drive, mai ba da jiga 15 kyauta. Kart memuwar ba za ta sake sa mu kwana zaune ba.

Kurakurai biyu muka yi da ya kamata ƙannenmu su ji. Na farko, mun ɗora wani katin biki a shafi yadda yake, da hoton amarya, da sunanta, da unguwarsu. Washegari yayanta ya zo shago ransa a ɓace: "Wa ya ba ku izinin baza ƙanwata a duniya?" Ba mu da ta cewa, gaskiyarsa ce. Muka ba da haƙuri muka goge a gabansa. Zanen namu ne, amma fuska da suna amanar mutane ce. Yanzu sai mun tambaya, kuma ko an yarda mukan cire hoto mu canza sunaye da lambobi.

Na biyu ya fi kunya. Ganin kundin bai cika ido ba, ɗayanmu ya ɗauko wani logo mai kyau daga intanet ya saka cikin namu, mu kuma muka yi shiru. Ba a yi sati ba wani ɗalibin jami'a ya turo mana hoton asalin aikin da sunan mai shi, ya rubuta: "Wannan ma naku ne?" Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar muka ji tsoron kada sauran goma sha biyun ma a ce sata ce. In kai sabon shiga ne ba ka da abin nunawa, ƙirƙiro wa kanka aiki: tsara tambarin buhun albasar Galmi, ko kwalin kilishi, ko afish na kokowar gargajiya, ka rubuta a ƙasa cewa gwaji ne. Ba wanda zai raina ka don haka.

Akwai kuma abin da muke da shi muna raina shi, sai da muka jera aikin muka gan shi: Hausa. Yawancin fon na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In ka rubuta sai akwati ya fito, shi ya sa da yawanmu ke sa b, d, k su wuce. Haka ake samun bash a wajen taro yana cewa "Barka da zuwa manyan baki", alhali baƙi ake nufi. Akwai fon na kyauta masu ɗauke da haruffan nan, kamar Noto Sans, Andika da Charis. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mai zane a Abijan ko Faransa zai iya fin mu na'ura, amma bai san bambancin kafa da ƙafa ba. Shi ya sa shafin farko na kundinmu aikin Hausa ne, kowace lanƙwasa a wurinta.

Ba za mu ce muku mun yi arziki ba. Har gobe muna yin katin jika biyu, kuran na ɗaukewa muna tsakiyar aiki. Amma wata ƙungiyar mata masu cuku daga Tawa ta ba mu aikin etiket ba mu taɓa ganin juna ba, PDF ɗin kawai aka tura musu, suka aiko da rabin kuɗi ta Nita kafin mu fara. Ciniki ma ya ragu, don wanda ya ga aiki goma sha biyu a jere ba ya cewa "ai latse-latsen waya ne kawai". Mutumin Yamai mun tura masa kundin. Ya amsa da cewa: "Da wannan kuka turo wancan karon..." Ya ce ya ajiye lambarmu.

Auren babbanmu an ɗaura shi bayan shekara. Mu muka yi katin, kuma duk cikin ayyukanmu ba wanda ya kai shi kyau. Muka je muka roƙi amarya ta bari ya shiga kundi, ta ce atafau ba ta yarda ba. Yana nan a Drive, mu kaɗai ke kallonsa.

Ƙannenmu masu PixelLab da Canva a salula, kada ku jira sai an kira ku daga Yamai. Daren yau ku ware ayyuka biyar da kuka fi so, ku adana su inda ba za su ɓace ba. Iyayenmu ƴan kasuwa kuma, in an yaba allon shagonku, don Allah ku faɗi sunan yaron da ya yi. Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka. Sai wani jiƙon.