Cutar Buerger: Idan Jinin Mashayin Taba Ya Yi Ƙasa

Idan ana yi mana wa'azi kan taba sigari, huhu ake ambata, sai kuma zuciya. Ba kasafai ake maganar yatsun ƙafa ba. Ni ma sai da na kai aji uku a jami'a, ina karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, kafin na ji sunan cutar Buerger, wadda ke iya raba matashi da yatsunsa tun bai kai shekara arba'in ba.

Wani likita a birnin Niyok na Amurka, Leo Buerger, shi ya yi cikakken bayaninta a 1908, aka sa mata sunansa. Ƙanana da matsakaitan jijiyoyin jini na hannu da ƙafa ne ke kumbura, jini ya daskare a cikinsu, hanya ta toshe. Yatsu su yi sanyi, ƙafa ta riƙa ciwo idan an yi tafiya, daga baya gyambo ya fito, wani lokaci har naman ya mutu a yanke. Ta fi kama maza 'yan ƙasa da shekara 45, ta fi yawa a Indiya, Japan, Koriya da Gabas ta Tsakiya, kuma kusan duk mai ita yana ta'ammali da taba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun ƙarancin jini. Cutar ita kanta ba a san ta da rage jini ba. Hasali ma, mashayin taba yakan fi wanda ba ya sha yawan himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Dalili kuwa, hayaƙin taba yana ɗauke da kabon monoksaid, wadda ke manne wa himogulobin fiye da oksijin sau ɗari biyu da 'yan kai. Jiki ya ga iska ba ta isarsa, sai ya ƙara ƙera ƙwayoyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji baligi yana da ƙarancin jini idan awonsa ya gaza giram 13 a kowace desilita, amma ta ce a rage wani abu daga sakamakon mashayin taba kafin a yanke hukunci. Ke nan takarda na iya nuna lafiya lau alhali jinin bai isa ba. Idan kuwa har ta nuna ya yi ƙasa, to akwai abin da ke cinsa, kuma dole a nemo shi.

Na farko da ake zargi shi ne gyambon da ya daɗe bai warke ba. Muddin akwai kumburi ko ƙwayoyin cuta a jiki, hanta tana ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin. Shi kuma yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, yana kulle wanda ke ajiye a jiki. Ƙarfen yana nan, amma ɓargo ba ya samunsa balle ya ƙera sabon jini. Shi ya sa kwalbar maganin ƙarin jini ba ta cika yin tasiri a nan ba.

Na biyu, maganin ciwo. Akwai wani tela a unguwarmu, bai wuce shekara 36 ba, da aka yanke wa yatsu biyu saboda wannan cuta. Ciwo yana hana shi barci, don haka kullum sai ya aika yaro kemis a sayo masa diklofenak. Da ya fara jiri da haki, 'yan uwa suka ce aikin da aka yi masa ne ya kwashe jinin. A asibiti aka gano maganin ne ya yi masa gyambon ciki, jini yana zuba kaɗan-kaɗan, bayan gidansa ya koma baƙi. Ibufurofen da asfirin ma suna iya yin haka.

Na uku, abinci. Taba tana kashe sha'awar cin abinci, tana kuma rage bitamin C da ke taimaka wa hanji ɗaukar ƙarfen wake, zogale da alayyafo. A ƙasarmu kuma likita ba zai manta da zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila ba.

Me ya sa abin ya dame ni? Hanya ta riga ta ƙuntata, ga shi ɗan jinin da ke wucewa ba ya ɗauke da isasshiyar iska. Yatsan da ake fafutukar cetowa shi zai fara ji a jikinsa.

Abin da aka tabbatar yana tsayar da cutar Buerger shi ne barin taba gaba ɗaya. Ko kara ɗaya ko biyu a rana sun isa su ci gaba da rura ta, kuma komawa taba gari ko anwuru ba mafita ba ce. Mu ɗalibai da muke ɗaukar shisha abin burgewa, mu sani taba ce a ciki, garwashinta kuma yana ƙara kabon monoksaid. Duk wanda ke sha, ya ga yatsunsa suna sanyi, suna sauya launi, ko ƙafa na ciwo idan ya yi tafiya, ya je asibiti tun da wuri, ya kuma gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da duk maganin da yake saya.