Na Tsallake Gimi

A wata 'yar muƙala da na taɓa rubutawa kan Wusasa, ƙauyen nan da ke gindin dutse a bayan ganuwar Zariya, na ce tarihin cocin Saint Bartholomew da makarantarsa ya faro ne a 1929, kuma Likita Mila ne ya kafa su. Shekarar daidai ce idan ginin ake magana, ginin ƙasa irin namu na Hausa mai bakan gizo. Sauran maganar kuwa ni na ƙaga ta da gaggawata. Na ga gini, na samu shekara, na ɗauko sunan Baturen da kowa ya sani na liƙa, na ce aiki ya kammala.

Wani dattijo ɗan garin ne ya aiko a kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ka rubuta mu kamar daga sama muka faɗo. To mutanen Gimi fa, ina ka kai su?" Wallahi ko sunan ban taɓa ji ba.

Sai da na koma na zauna da tsofaffi, na kuma buɗe littattafan da ya kamata in fara da su, sannan na ga girman ɓarnar. Likita Mila, wato Walter Miller na mishan ɗin CMS, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara. Ashe makarantar ta girmi cocin da shekaru masu yawa. Wajen 1913 wasu mutane suka zo masa, jikokin almajiran Malam Ibrahim, malamin Kano da aka kashe a ƙarni na 19 saboda karantarwarsa a kan Annabi Isa, mabiyansa suka watse har ƙasar Ningi. Su ake kira Isawa. Waɗanda suka karɓi Kiristanci cikinsu aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka sa yaransu karatu. Ba a ɗauki shekaru da yawa ba ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya yi musu kisa mai yawa, garin ya watse. Ragowarsu na cikin waɗanda suka zama tushen Wusasa lokacin da aka matsa wa mishan ya fita daga cikin birni. Shi Mila ma bai so tashin ba, Kano ya koma, kuma Guy Bullen ne ya ja ragamar sabon wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ganin coci na ɗauka labarin baƙi ne, shi ya sa ban nemi Bahaushe ko ɗaya a cikinsa ba. Alhali makarantar da ta koyar da Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu, iyalan Hausawa da Fulani ne ginshiƙinta. Tun daga nan, duk tsohon ginin da zan yi rubutu a kansa, nakan fara tambayar daga ina mutanensa suka taso, kuma wa suka binne a can.

Na buga gyara a fitowa ta gaba, sakin layi biyu a ƙasan shafi. Dattijon ya sa jikarsa ta karanta masa, ya aiko cewa ya gode, amma Gimi ta fi ƙarfin sakin layi biyu.