Ci Gaban Mai Haƙar Rijiya

Idan Bahaushe ya ga mutum ya bar babban matsayi ya koma ƙarami, kuma yana murna da haka, sai ya ce wannan ci gaban mai haƙar rijiya ne, watau kullum yana cikin aiki amma ƙasa yake yi. Wannan ita ce maganar da dangi da abokan aiki suka yi ta jifan wata baiwar Allah da ita a shekarar 1976, sa'ad da ta ajiye aikinta na ofishin jin daɗin jama'a ta nufi koyarwa a makarantar firamare. Yau shekaru masu yawa sun shuɗe, matar ta tsufa, ta yi ritaya, kuma duk unguwarsu ba a kiranta da wani suna sai Malama. Labarinta abin dubawa ne ga ɗalibai, musamman waɗanda suke ganin aji wuri ne da mutum yake faɗawa idan ya rasa abin yi.

Malama ta gama sakandare ta 'yan mata a 1969, a zamanin da 'ya mace mai irin wannan takarda ba ta neman aiki, aiki ne yake nemanta. A 1970 aka ɗauke ta a ofishin jin daɗin jama'a na wani babban birni na ƙasar Hausa. Aikin wannan ofishi kuwa shi ne karɓar duk abin da ya gagari gida da unguwa: rikicin miji da mata a kan ci da sha, jayayya a kan wanda zai riƙe yaro bayan saki, jariran da aka tsinta, marayun da dangi suka yi watsi da su, da kuma yaran da 'yan sanda suka kama. Idan aka kama yaro, ita za ta je gidansu ta ga iyayensa, ta ji ta bakin mai unguwa, sa'an nan ta rubuta rahoton da kotun yara za ta duba kafin ta yanke shawara, ko a mayar da shi hannun iyaye, ko a ajiye shi a gidan gyara halin yara, ko kuwa, in ya girma kuma abin ya yi tsanani, a tura shi makarantar horo ta Kakuri a Kaduna.

Aiki ne mai daraja a idon jama'a. Tana da tebur nata, da masinja, da motar ofis mai kai ta unguwanni. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, har keken ɗinki ta saya wa mahaifiyarta. Amma akwai abin da yake ci mata rai wanda ba ta iya faɗa wa kowa. A takardar da take cikawa ga kowane yaro akwai wani gurbi da ake rubuta ajin da ya kai a makaranta. Shekara da shekaru, abin da ta fi rubutawa a wannan gurbi shi ne “babu”. Farin da aka yi a 1973 ya ƙara dagula al'amari, don kuwa yunwa ta koro mutanen karkara zuwa birni, yara suka cika tasha da kasuwa suna dako da bara, fayil ya yi ta hawa kan fayil.

Cikin waɗannan yara akwai wani da ba ta taɓa mantawa da shi ba. An fara kawo shi yana da kamar shekara goma sha ɗaya, wai ya ɗauki burodi a tasha. Ta bincika, ta gano ƙauyensu, ta kai shi da kanta ta danƙa wa kawunsa. Ba a yi shekara ba aka sake kawo shi, wannan karon da laifin yankan aljihu. Ya zauna gidan gyara hali, aka koya masa sassaƙa, aka sallame shi. A karo na uku, da ta je ganinsa, sai aka ce mata shekarunsa sun wuce na kotun yara, gidan yari za shi. Aka miƙo masa takardar bayaninsa ya dangwala yatsa, sai ya juyo ya dube ta, ya ce, “Hajiya, me aka rubuta a nan?” Ta karanta masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya dangwala. Yaron nan yana iya haddace lambar kowace motar haya ta tasha da ganin siffar baƙaƙen kawai, yana lissafin canji da ka ba ya kuskure, amma takardar da za ta kai shi kurkuku sai da wani ya karanta masa.

Daren nan Malama ba ta yi barci ba. Ta ga cewa duk shekarun nan ba ta taɓa haɗuwa da yaro ba sai bayan bango ya tsage ƙadangare ya riga ya shiga. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita ko busasshe ake kawo mata.

Ana cikin haka sai ga shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta yi shelarsa a 1974, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa. Saboda haka aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa a kwalejojin horon malamai: wanda ya gama firamare ya yi shekara biyar, wanda ya ci jarrabawar sakandare kuwa shekara ɗaya ta ishe shi ya sami takardar malanta mai daraja ta biyu. A wannan shekara ce kuma aka kafa Cibiyar Horon Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Malama ta rubuta takardar ajiye aiki, ta nemi kwas ɗin shekara ɗaya.

Maigidanta ya yi kwana uku yana juya maganar, sa'an nan ya ce ya yarda, amma ta sani gidan zai ji a jikinsa. Baffanta, wanda shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ne bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya aika aka kira ta, ta durƙusa a zaure. Ya ce, “'Yar nan, wane laifi kika yi aka kore ki?”

Ta ce, “Baffa, ba kora ta aka yi ba, ni na nema.”

Ya ce, “Kina zaune a ofis, hakimai suna amsa takardarki, ki koma share wa 'ya'yan mutane majina? Ai wannan ci gaban mai haƙar rijiya ne.”

Ta sunkuyar da kai, ta ce, “Baffa, a sa mini albarka dai.” Ya daɗe bai tanka ba. Daga bisani ya ce, “Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.”

A 1977 aka tura ta wata makaranta a gefen birni, inda gonaki suka fara. Aji ɗaya aka ba ta, yara fiye da 70, rabinsu a ƙasa saboda babu benci, wani ajin ma a gindin darbejiya yake. Makon farko ta gane cewa hira da yaro ɗaya a ofis daban, riƙe yara 70 daban. Muryarta ta dushe, alli ya farfasa mata yatsu, wannan yana kuka, wancan ya tsere ta taga. Wani tsohon malami da ya fara aiki tun zamanin En'e shi ya koya mata abin da kwas bai koya mata ba: kada ta ɗaga murya sama da ta yara, ta yi shiru har su yi shiru, ta raba su rukuni-rukuni, ta naɗa wa kowane rukuni shugaba, ta sa su rubuta baƙi a kan yashi da tsinke kafin a ɓata takarda. Ta yi sa'a kuma, Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a shekarar ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi. Don haka da Hausa ta fara da su, da littafin Ka Koyi Karatu, kuma ranar da yaro na farko ya haɗa ba da ba ya ce “baba” da kansa, ta ce ba ta taɓa jin irin wannan daɗi ba a rufe wani fayil.

To, amma ba a jima ba ta gane wani abu da ba ta zata ba, watau aikin da ta baro ya biyo ta har cikin aji. Rajistar kiran suna ita ce sabon fayil. Yaron da yake gyangyaɗi da hantsi, yunwa ce. Wanda ya daina magana, an saki uwarsa. Yarinyar da ba ta zuwa ranar kasuwa, talla take yi. Sauran malamai sukan ja jan layi a gaban sunan wanda bai zo ba, su jira shi da bulala. Ita kuwa da an tashi sai ta yafa gyale ta bi sawu. A nan ne tsohon aikinta ya yi mata rana, don ta san yadda ake sallama a gidan da ba a gayyace ka ba, ta san a fara da mai unguwa, ta san ba a buɗe magana da zargi. Bugu da ƙari, kasancewarta mace ya buɗe mata ƙofar da hedimasta da kansa ba ya iya wucewa: shi a zaure yake tsayawa, ita kuwa har ɗakin matan kulle.

Alal misali, akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta yi mako biyu ba ta zo ba. Malama ta iske uwar tana suyar ƙosai. Bayan gaisuwa, uwar ta ce, “Malama, ba ƙin karatun nake yi ba. In ba ta fita da farantin nan ba, da me zan tara mata kayan ɗaki?” Malama ba ta yi mata wa'azi ba, don ta san maganar gaskiya ce. Suka zauna suka yi lissafi, suka daidaita a kan cewa yarinyar za ta riƙa kawo ƙosai makaranta ta sayar lokacin tara, da yamma kuma ta fita da na yamma. Yarinyar ta gama aji shida, daga baya ta zama ungozoma a asibitin garinsu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kullum haka ake dacewa. Wata yarinyar an cire ta daga aji biyar aka yi mata aure, Malama ta yi zarya gidansu har takalminta ya tsinke, a banza. Ranar ta tuna da ofis, inda takarda ɗaya mai hatimi take sa uba ya zo yana rawar jiki. Malamar firamare kuwa ba ta da makami sai roƙo. Sa'an nan ga maganar albashi. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa yin watanni ba a biya su ba. Da yawa suka watse, wasu suka koma noma, wasu kasuwa, iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Keken ɗinkin nan na kuɗin Udoji shi Malama ta aro daga mahaifiyarta, da rana tana aji, da dare tana ɗinka rigunan yara. A wannan lokaci tsofaffin abokan aikinta na ofis sun sami ƙarin girma, wasu da motocin kansu. Ba ta ɓoye cewa ta yi kuka, har ta taɓa ɗaukar alƙalami za ta nemi a mayar da ita. Abin da ya hana ta shi ne jarrabawar shiga sakandare ta gabato, yaran da ta fara da su a 1977 sun kai aji shida, ba ta iya barinsu a tsakiyar kogi ba. Sai da aka kafa hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa a 1988 aka ɗan sami sauƙin biyan albashi.

Idan aka tambaye ta yau wanne ya fi, ba ta yarda a kushe aikin jin daɗin jama'a. Takan ce jaririn da aka yar a kwata ba ajin da zai cece shi, dole a sami wanda zai ɗauke shi. Abin da take cewa kawai shi ne, aikin biyu yaro ɗaya suke yi wa hidima, bambancin yana ga lokacin da kowannensu yake iske shi, kuma da za a koya wa kowane malami ɗan abin da ma'aikacin jin daɗin jama'a ya sani na shiga gida da sauraro, da fayilolin ofis sun ragu.

Wannan magana tata har yanzu ba ta tsufa ba. An sake ƙaddamar da wani shirin, UBE, a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, amma duk da haka ƙididdigar Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Gurbin nan da Malama take rubuta “babu” yana nan bai cike ba. Ɗaliban sashen Hausa kuwa su ne suka fi kusa da shi, tun da harshen da suke nazari shi ne wanda yaro zai fara haɗa baƙi da wasali da shi, amma kaɗan ne daga cikinsu suke yarda su sauka ajin farko.

Baffanta bai rasu ba sai da ya ga wani abu. Wata rana an kawo masa takardar asibiti, babu kowa a gida sai wata 'yar maƙwabta ta aji huɗu. Yarinyar ta karɓa ta karanta masa tsaf, ta gaya masa ƙwaya nawa zai sha da safe, nawa da dare. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta faɗa. Da Malama ta zo gaishe shi ranar Juma'a, ya ba ta labari, sa'an nan ya ce, “'Yar nan, ashe mai haƙar rijiya in ya yi haƙuri yakan tarar da ruwa.” Allah ya jiƙan magabata, ya kuma saka wa malamai da alheri, amin.