Kyauta ce, amma wa zai biya majo?

Damanar bara zazzaɓi ya kama autata, ƴar shekara uku. Na bar wa ɗalibai aiki a allo, na ɗora ta bisa babur sai likitar garin da nake koyarwa, tsakanin Buza da Madawa.

Majo ya duba ta, bai karɓi ko dala ba, amma ya miƙo mini takardar magani.

"Majo, ba kyauta ba ne?"

"Kyauta ne, Malam. Maganin ne ya ƙare."

Raina ya ɓaci, har na zarge shi a zuci. Daga baya ya nuna mini tulin takardun bashin da yake bin gwamnati.

Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin likita. Tsarin shi ne likita ta yi aiki, ta aika lissafi sama, gwamnati ta biya. In biyan ya yi watanni bai zo ba, da me za a sayo wani magani?

Ni mai albashi ne, na je na saya. Matar da ke bayana kuwa ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga, ta goya ɗanta ta tafi.

Iyaye da malamai, mu shiga kwamitin kula da likitar garinmu, mu tambayi nawa ake bin gwamnati. Mu kuma nemi a ɗaure mai biya da wa'adi, kamar yadda aka ɗaure majo da duba yaro kyauta.