Farautar Sabis A Ƙasar Ruma

Matafiyin da ya bar Katsina ya doshi Batsari, idan ya saki kwalta ya shiga ƙauyuka, zai ga sandunan sabis na wayarsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani ke nan kwanan baya, da na je gaishe da kawuna a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Nan ce ƙasar Ruma, ƙasar Ɗanwaire da mayaƙan da suka tsare wa Katsina yammacinta, ƙasar da rogonta ya yi suna, wadda kuma a yau Dajin Rugu ya zame mata ƙarfen ƙafa.

Da magariba na nemi in shaida wa iyalina cewa na sauka lafiya, amma babbar wayata ta zama hoto. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Malam, taka ta birni ce. Mu nan sai an hau dutse." Wani ƙanena ya raka ni bayan gari, muka tarar da mutane tsaitsaye a kan fa, kowa ya ɗaga wayarsa sama kamar mai roƙon ruwa. Akwai mai jiran saƙon kuɗi daga ɗansa da ke ci-rani a Legas, akwai ɗaliba mai son duba sakamakon jarrabawa.

A nan na fahimci cewa darajar waya ba a girman fuskarta take ba. 'Yar ƙarama mai madannai da tocila da layi biyu ita ce sarauniya, domin tana kwanaki ba ta nemi caji ba. Babbar kuwa, gwargwadon nisanta da turken sabis, gwargwadon ƙarfin da take kashewa wajen nemansa, sai batir ya ƙare da wuri. Shi ya sa shagon mai caji, da faifan solarsa da tulin igiyoyinsa, ya zama majalisa. Igiyar sauraro ma ba ado ba ce: ita ce eriyar kama rediyo.

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, domin raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Sai a Disamba aka fara mayar da su. Na tambayi kawu yadda suka yi. Ya ce wanda ke da halin mota Katsina yake zuwa ya yi kira ya dawo. Wanda ba shi da shi, rasuwar ɗan'uwa sai bayan an share makoki yake jinta. Ya ƙara da cewa, "Wayar da mugu ke kiran mugu da ita, ita ce maƙwabci ke ce maka da ita, ga su nan tafe."

Wannan magana ta cancanci nazarin mahukunta. Mun mayar da banki da rajistar jarrabawa da neman aiki cikin waya, alhali ba mu kai sabis inda talaka yake ba. A yankin da kira ɗaya kan kuɓutar da gari, kafa turke da tsare shi aikin tsaro ne, kamar gina ofishin 'yan sanda.

Washegari, da na kusa Katsina, saƙonni suka rinƙa kwararowa. A cikinsu akwai na kawu, wanda jikansa ya rubuta masa: yana tambaya ko na isa lafiya. Na san sai da wani ya hau dutsen nan kafin ya iso gare ni.