KALLON TSUNTSAYE DA HAKKIN HURUMI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, kwanakin baya wani ɗalibinmu, ma'aikacin gwamnati, ya tsaya bayan karatun magariba a zaurenmu da ke cikin birni, ya ce, "Allah gafarta Malam, abokan aikina suna so mu tafi Dagona da madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye. Shin wannan ba ɓata lokaci ba ne?" Muka ce masa ya tafi, mu ma da mun sami hali da mun bi shi.

Dagona tana ƙasar Bade, cikin Jihar Yobe, a dausayin Haɗeja da Nguru. Idan hunturu ya shigo, dubban agwagin ruwa sukan ƙetaro Sahara daga ƙasashen Turai su sauka can, su haɗu da namu irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci wurin saboda tsuntsayen nan. Alƙur'ani kuwa, a Suratul Mulk da Suratun Nahli, ya kira mu mu ɗaga kai mu dubi tsuntsu a sarari, mu tuna Wanda ke riƙe da shi. Wanda ya fita da wannan niyya, ya tsare sallarsa, bai yi asara ba.

Sai dai tambayar ta tayar mana da baƙin ciki. Me ya sa Bakano zai yi doguwar tafiya don ganin abin da muka tashi muna gani a ƙofar gida? Muna yara mukan hau Dala da hantsi, mu hango balbela sun yi fari fat a bakin kududdufai. Zuwan shamuwa shi ke gaya wa manomi damina ta ƙarato. Ungulu ba ta rabuwa da mahauta. Yau an cike kududdufai da yawa an yi shaguna, an ci ganuwa, an sare itatuwan da ake sheƙa a kai. Ungulu ta yi ƙaranci har tun 2015 masana suka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ruwan da kududdufai ke ɗauka kuwa, yanzu ɗakunan talakawa yake shiga.

Keɓe fili don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a shari'a. Malaman fiƙihu suna kiransa hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Kakanninmu sun san wannan, suka kira shi hurumi, ba mai noma shi, ba mai sayar da shi.

To, ya kai mai sa hannu a takardar fili, da kai Alhaji mai saye, kafin ku ƙulla ciniki ku tambaya: wannan wurin na wane ne? Idan kududdufin unguwa ne ko hurumin gari, hakkin jama'a ne, kuma za a tambaye ku. Ku ɗauki 'ya'yanku ran Asabar zuwa dajin Falgore ko bakin ruwan Bagauda, ku koya musu sunan kowane tsuntsu da Hausa.

Allah Ya sa mu dace, amin.