Giyabos a Indiyana, giyabos a Ƙofar Ruwa

A jihar Indiyana ta Amurka, inda nake zaune, mutum yakan kai akori-kurarsa gareji a sauke mata giyabos alhali giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau. Bai yi ƙara ba, bai ƙi shiga giya ba, mai bai zuba ba. Haka kawai zai zaro dala dubu bakwai ko goma, wani lokacin fiye, a farke shi a cire kayan kamfani a zuba waɗanda suka fi su ƙarfi. A Kano wanda ya yi haka sai a ce a kai shi Dawanau, ba kuwa kasuwar hatsin ake nufi ba.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san irin motar da ake magana. Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar manyan akori-kura masu shan dizal a ƙasar nan. Akwai Ram, wadda tun 1989 take ɗauke da injin Cummins, kamfanin da hedkwatarsa ke garin Kolambas a nan Indiyana. Akwai Chevrolet da GMC masu injin Duramax, wanda ya fito a 2001 haɗe da giyabos ɗin Allison, shi ma ɗan Indiyanafolis ne. Sai Ford da injinsa Power Stroke. Cummins ɗin farko, na 1989, ƙarfin murɗawarsa ya ɗan haura Nm 540, wato kaɗan ya ɗara Hilux mai injin 2.8 ta yanzu, wadda ke ba da Nm 500. Ford ɗin 2023 kuwa ya wuce Nm 1,600, kuma babbar cikinsu, F-450, an yarje mata ta ja tirela mai nauyin tan 18. A lissafin 'yan hatsi buhu 180 ke nan na masara, a bayan motar da mutum ke zuwa cefane da ita. Duk wannan ƙarfi ta cikin giyabos yake bi kafin ya isa taya.

Da za su bar motar yadda kamfani ya ƙera ta, da sauƙi. To, ba sa bari. Injin dizal na zamani kwamfuta ke auna masa mai, saboda haka da 'yar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari sai a ƙara masa ƙarfin dawaki 100 ko sama da haka, ba tare da an ɗauki sifana ba. Injin yakan ɗauka, musamman Cummins da aka san shi da ƙashi. Giyabos ne ke kukan. Faya-fayen kulocin da ke cikinsa an lissafa su ne daidai da ƙarfin asali, in aka ɗora musu ƙari sai su fara sulɓi, sulɓi ya haifi zafi, zafi ya dafa mai, man da ya dahu kuma ya ƙarasa faya-fayen. Kowane giyabos an san inda yake karyewa. Tsohon 48RE na Ram, sandar da ke karɓo juyi daga injin ce ke tsinkewa in aka fizgi mota da ƙarfi daga tsaye. Magajinsa 68RFE, kulocin manyan giyoyinsa ne ke fara ƙonewa. Allison shi kuwa yana da wayo: da kwamfutarsa ta ji sulɓi sai ta kulle shi a giya guda, mai mota ya lallaɓa gida a hankali yana jin kunya, amma ƙarfen ya tsira. Kuma duk wanda ya taɓa kwamfutar injin ya san ya yi sallama da garantin kamfani, don haka gyaran daga aljihunsa ne.

Abin da suke canzawa ba ɓoyayye ba ne. Na farko shi ne kaskon da ke tsakanin injin da giyabos, wanda ke miƙa juyi ta hanyar mai. Na kamfani yawanci faifan kuloci ɗaya gare shi, sai a sa mai faifai uku. Sandunan ciki a maye su da waɗanda aka fafe daga dunƙulen ƙarfe guda. Farantin da ke rarraba mai zuwa kowane kuloci a gyara masa hanyoyi, a kuma umarci kwamfuta ta ƙara matsin man, don kuloci ya damƙe da sauri maimakon ya riƙa gogawa. A ƙara yawan faya-fayen. Sannan abubuwa uku masu araha, waɗanda ko wanda bai taɓa injinsa ba yakan sa: kwanon ƙasa mai zurfi da ke ɗaukar ƙarin mai, babban lagireton sanyaya man giya, da geji a gaban direba mai nuna zafinsa. Direban da ke jan tirelar shanu a kan hawa, idonsa na kan gejin nan fiye da na gudu. Muddin allura na wajen digiri 80 zuwa 95 hankalinsa a kwance yake. In ta doshi 120 sai ya rage giya ko ya faka.

Na tsaya kan wani dattijon bakanike a wani ƙaramin gari kudu da Indiyanafolis yana yi wa wata Ram sabis. Da ya kwance kwanon ƙasa bai zubar da man ba tukuna. Ya tsoma yatsa ya sansana, ya ɗiga ɗigo a farar takarda ya ɗaga ta ga haske: ja ne da ya fara komawa ruwan ƙasa, bai kai ga baƙi ba. Sai ya ciro mayen ƙarfen da ke manne a gindin kwanon ya murza abin da ya taru a kai tsakanin yatsu biyu. Laushi ne kamar kwalli, ya ce wannan cin yau da kullum ne. Da ya ji tsini ko ɗan gutsure, da sai a sauke giyabos. Ya canza filta biyu, ya zuba man da littafin motar ya ambata, ya ɗebi kaɗan daga tsohon a 'yar kwalba za a aika ɗakin gwaji ta gidan waya, a auna irin ƙarfen da ke cikinsa. Daga ƙarshe ya rubuta kwanan wata da nisan da motar ta ci a wani littafi da ke ajiye a aljihun motar tun ranar da aka saye ta.

Mu a gida ba injin muke ƙara wa ƙarfi ba, kaya muke ƙarawa. Tun zamanin akori-kura Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, gyaran farko da sabuwar mota ke gani shi ne ƙarin sifirin a baya da ɗaga bodi. Motar da aka ƙera don tan ɗaya ta ɗauki biyu, yaran mota su hau sama. Ashe dai wahalar giyabos ɗaya ce, ta wata ƙofa ta shigo. Abin da ya daɗe yana rufa mana asiri shi ne giyar hannu. A Najeriya ma yawancin Hilux fetur suke sha, domin shekara da shekaru fetur ke da tallafi, dizal babu, har zuwa 2023. Sai an tsallaka Nijar ake ganin dizal sosai, a Hilux da Land Cruiser mai injin 1HZ da ke keta Tenere daga Agadas zuwa Dirku, kusan dukansu kuwa giyar hannu ce. Ita giyar hannu in lodi ya yi yawa faifan kuloci ne ke ƙonewa, shi kuma abu ne mai sauƙin kuɗi da ake iya canzawa a ƙarƙashin bishiya. A Amurka an rufe wannan babi: Ram ce ta ƙarshe da ta sayar da babbar akori-kurar dizal mai giyar hannu, a 2018. Hilux ɗin ma ba a sayar da ita a nan.

Wajen gyara, ban yarda cewa sun fi mu hannu ba. A nan awa ɗaya ta bakanike takan haura dala 100, don haka gareji da yawa ba sa ɓata lokacin farke giyabos: a sauke tsohon a aika wa masana'antar da ke sabunta su, a ɗora wanda aka riga aka sabunta, a mayar wa mai mota kuɗin ajiyar da ya bayar in tsohon ya isa. Bakaniken Ƙofar Ruwa ko Fanteka kuwa zai baje giyar hannu a kan kwali, ya wanke haƙoran da fetur ɗaya bayan ɗaya, ya gane wanda ya ci da ido, ya yanko gasket daga takarda, ya mayar da komai ba littafi ba hoto. Akwai wanda daga ƙarar mota tana shigowa layi zai gaya maka boris ɗin da ya mutu. Wannan ilimi ne, kuma a nan ya yi ƙaranci.

Matsalar ita ce otomatik ta riga ta cika titunanmu, mu kuma muna yi mata rainon giyar hannu. Mai mota zai ce tana fizga, a amsa masa: "Alhaji, kar ka taɓa man nan, da ka canza shi giyar ta tafi." Maganar tana da tushe, don giyabos ɗin da ya riga ya cinye faya-fayensa wani lokacin dattin da ke cikin tsohon man ne ke taimaka masa ya kama, sabon mai sai ya tona asirin. Amma daga nan aka mayar da ita doka har a kan motar da ke da lafiya, wadda canjin mai a kan kari zai ƙara mata shekaru. In kuma an tashi ƙarawa, sai a aiki yaro ya sayo "jan mai", kowane iri. A Amurka ba a wasa da wannan: 68RFE ATF+4 yake sha, Ford mai giya shida Mercon LV, mai giya goma Mercon ULV, Toyota ta zamani kuma WS, domin kaurin kowanne da santsinsa an auna su ne da irin faya-fayen da ke ciki. Ƙarshen labarin a wurinmu sananne ne: "Oga, a sa Baljiyam kawai." A ɗora giyabos ɗin da ba wanda ya san nisan da ya ci ko zafin da ya sha a ƙasar da ya fito, da garantin 'yan kwanaki. Sau da yawa ba a ma wanke lagireton man da bututunsa ba, sai gurɓataccen man tsohon ya koma cikin sabon.

Ba duk abin da na gani a nan ne ya burge ni ba. Kaso mai yawa na kuɗin nan wasa ne. A bukukuwan manoma na bazara ana gasar jan wani keken nauyi a fili mai tsawon ƙafa 300, nauyin yana ƙaruwa yayin da mota ke tafiya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, jama'a na ihu, wani lokacin shaf ya tsinke a tsakar fili. Cire na'urorin tace hayaƙi, wanda da yawansu ke haɗawa da ƙarin ƙarfin, laifi ne a dokar tarayya. Cummins kansa a ƙarshen 2023 ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan batun hayaƙin motocin Ram. Mai kai tumatur daga Kadawa zuwa 'Yankaba ba shi da abin yi da kasko mai faifai uku, injinsa bai kai ƙarfin da zai buƙace shi ba.

Lagireton nan na ƙari da gejin zafi su ne nake ganin sun fi dacewa da mu fiye da masu su. Indiyana wata da watanni tana cikin sanyi da ƙanƙara, amma suna sawa. Mu da Afrilu ke kai mu digiri 40 a inuwa, ga cunkoson Kurna da lodi ya ninka, man giyarmu yawanci ta cikin lagireton injin yake bi ya huce, injin da shi ma a tafashe yake. Ƙaramin lagireto da tiyo biyu, a ɗaura a gaban na injin inda iska ke bugawa, aikin yini ɗaya ne ga kowane bakanike a Ƙofar Ruwa, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na giyabos ɗin Baljiyam ba.